Wanda ɗari ya sandarar, kada a kai shi bakin wuta

HAJIYA: Jama'ar Yamai, sannunku da ɗari. Tambaya ɗaya ce ta cika mana WhatsApp a makon nan: in an tsamo mutum daga gulbi da asuba, jiki ya sandare, me za a yi masa?

AUTA: Ai na amsa musu tuni. A hura gawayi, a ɗora shayi.

LOKOTORO: Allah ya raba mu da maganinka, Auta. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Da ya sauka ƙasa da 35 ciwo ya kama, ƙasa da 28 kuwa rai na hannun Allah. Mai rawar ɗari da sauƙi, jikinsa na kokawa. Wanda rawar ta ɗauke, harshe ya harɗe, barci na fizgarsa, shi ne abin tsoro. Wani ma sai ka ga yana tuɓe riga, wai zafi yake ji.

HAJIYA: Subhanallahi. To wutar fa, mene ne laifinta?

LOKOTORO: Jiki ya riga ya tattara jini mai ɗumi can ciki, wajen zuciya da ƙwaƙwalwa, ya bar hannu da ƙafa da sanyinsu. In ka gasa ƙafafun ko ka murza su, jijiyoyi su buɗe, jinin nan mai sanyi ya kwararo wa zuciya. Ga ƙuna kuma, tunda fatar ba ta ji. Zuciyar da ta yi sanyi ɗanyen ƙwai ce, jijjiga kaɗan sai bugunta ya rikice. Kada a tsayar da shi, kada a ɗora shi kan kabu-kabu. A kwance za a ɗauke shi. A yanke jiƙaƙƙun tufafin da almakashi, a shimfiɗa bargo ƙarƙashinsa, ba samansa kaɗai ba, a rufe kai. Gorar ruwan ɗumi a naɗe ta da zane, a sa a ƙirji da hamata.

AUTA: Shayina fa?

LOKOTORO: In yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, ba shi, da sukari sosai. In ba haka ba, shaƙe shi za ka yi.

HAJIYA: Auta dai ɗari ba ya kashe shi. Ku da ba ku ganinsa, riga uku ce a jikinsa, har da ta bosho mai gashi a wuya.

AUTA: Haba Hajiya! A Katako na saye ta, mai ita ya rantse daga Kanada ta zo.

HAJIYA: Da rana tsaka ma da ita kake yawo, gumi na zuba.

AUTA: Kuɗina na biya, sai na more.

LOKOTORO: Nawa?

AUTA: Ba a faɗa a iska, masu bina bashi na saurare.

HAJIYA: Zip ɗin ma ya mutu, da fil ya kama ta.

AUTA: Hajiya, a rufa asiri.

LOKOTORO: To mu koma likita, wato asibiti. Can ana ɗumama sirum, wato ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ta jijiya, wajen digiri 40 kafin a ɗaura, a ba shi oksijan mai ɗumi. In ya yi tsanani, a zuba ruwan ɗumi ta tiyo cikin ciki ko ƙirji, a zuƙe, a sake. In zuciya ta tsaya, sai injin da ke fitar da jini, ya ɗumama shi, ya sa masa oksijan, ya mayar. Ko a Turai ba kowace likita ke da shi ba. A 1999, a Norwe, wata ma'aikaciyar lafiya, Anna Bagenholm, ta faɗa rafi ƙarƙashin ƙanƙara kusa da Narvik, minti 80 tana ciki. Zafin jikinta ya sauka 13.7, zuciya a tsaye. Da injin nan aka dawo da ita a Tromso, ta warke, har ta yi aiki a likitar da aka ceto ta.

AUTA: Zuciya a tsaye? Ikon Allah!

LOKOTORO: Sanyin ne ya kare ƙwaƙwalwar, don buƙatarta ta oksijan ta ragu. Nan ne maganar ta shafe mu, mu da ke gaggauta jana'iza. Wanda sanyi ya kayar, numfashinsa da bugunsa na iya yin ƙasa har hannu ya kasa ji. A lalubi jijiyar wuya minti guda cur. In babu, a fara danna ƙirji, a nufi likita. Sai an ɗumama shi bai tashi ba, sannan ma'aikata su ce ya cika.

HAJIYA: Da mun ce za mu taɓo jarirai da almajirai masu kwana waje, ga shi an kira isha'i.

LOKOTORO: Jariri dai a manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, da hula. Gawayi kuma kada ya kwana a ɗaki rufe, hayaƙinsa...

HAJIYA: Sai mako mai zuwa, Lokotoro. Auta, kashe abin.