Darasi: yadda ake saƙa labari a tallan motocin alfarma

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Masu riƙe kamara da masu haɗa hoto ku matso kusa, yau tallan mota za mu taɓa, irin motocin nan na kece raini da sai dai ka gani a titi ka ce Allah ya ba mu.

Bari in fara da kaza. Eh, kaza dai da kuka sani. Duk wanda ya taɓa riƙe kaza ya san in ka juya jikinta dama ka juya hagu, ka ɗaga ka sauke, kanta na nan wuri ɗaya kamar an kafe shi da ƙusa. To a 2013 kamfanin Mercedes-Benz, Marsandi kenan a bakinmu, yana so ya tallata wata fasaha da ya kira Magic Body Control, wato akwai kamara a gilashin gaba da ke hango gargada da ramuka kafin taya ta iso, sai shokazoba ta shirya tun kafin a faɗa, mutumin ciki ba ya jin girgiza sosai. Ka ga wannan bayanin da na yi yanzu? In aka sa shi a talabijin mai kallo tashi zai yi ya je shan ruwa. Sai kamfanin talla na Jamus, Jung von Matt, ya kawo kaji, wasu hannaye sanye da farar safar hannu suna juya su daidai da kiɗa kamar rawa suke, kawunan ko gezau. Ba titi ba direba. Sai a ƙarshe rubutu ya fito da tambarin tauraron nan. Shi kenan, kowa ya gane, har wanda bai taɓa leƙa cikin S-Class, motar da aka sa wa fasahar, ba. Jaguar ma ba su bari ta wuce ba, suka yi nasu na tsokana, kazar tana cikin rawarta damisar nan ta tambarinsu ta yi sama da ita, sai gashi ke tashi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne sifa ɗaya tak suka ɗauka. Motar tana da abubuwa sun fi ɗari da za a yi alfahari da su, kujerun fata, sanyin AC, ƙarfin inji, duk suka ajiye. Mai sayen irin wannan mota ai ba jerin kaya yake jira daga talabijin ba, wannan dila zai ba shi a takarda.

Lexus ma haka suka yi tun 1989. Lokacin ba wanda ya san sunan, Toyota ce ta ƙirƙiro shi don ta kara da Jamusawa a kasuwar Amurka, kuma mutane na ganin motar Japan ta mai neman sauƙi ce. Sai suka ɗora motarsu LS 400 a kan na'urar da taya ke juyawa mota na tsaye, suka jera kofunan gilashi a kan bonet, wani kan wani kamar dala, aka taka totur har gudun ya haura kilomita 200 a awa. Wani zai ce malam ai wannan gwaji ne, ina labarin? Labarin yana cikin ƙirjin mai kallo. Tunda ka ga kofunan zuciyarka ta fara cewa yanzu za su zube, yanzu za su zube, allurar gudu na hawa kai ma kana hawa, kuma ba su zube ba. Wannan jiran shi ne jarin mai talla, in ba ka sa mutum ya jira wani abu ba to hoto kawai ka nuna masa.

Yanzu wanda na fi so, kuma a nan zan ɗan daɗe. A watan Agustan 1888 Bertha Benz, matar Carl Benz wanda ya ƙera motar Benz ta farko a Jamus, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu da sassafe ba tare da ta gaya wa maigidan ba, ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim garin mahaifiyarta, kusan kilomita 100, a zamanin da ko gidan mai guda babu a duniya. Man ya ƙare mata a Wiesloch, ta shiga kantin magani ta sayi wani ruwan goge tabo da ake kira ligroin ta zuba. Bututun mai ya toshe ta sa allurar hularta ta buɗe, burki ya cinye ta sa baduku ya liƙa masa fata. A 2019 Mercedes suka mai da wannan ɗan gajeren fim. Ku lura da kyau, motar da ke ciki mai ƙafa uku ce, tana tari tana mutuwa a hanya, mutanen ƙauye na kallon matar kamar mayya. Ba sabuwar mota ko ɗaya da ake cewa ka saya. Amma akwai mutum, akwai abin da take so, akwai abin da ya tare ta, kuma in ka gama kallo tambarin ya ƙara nauyi a idonka, ka ji ashe abin da asali. Tsada irin ta waɗannan motoci rabi ƙarfe ne rabi asali, shi ya sa suke yawan komawa tarihi.

BMW kuwa hanyar Hollywood suka bi, 2001 da 2002 suka yi gajerun finafinai takwas a intanet tun YouTube bai zo ba, Clive Owen ne direban, daraktoci irin su Ang Lee da John Woo da Guy Ritchie kowa ya yi nasa. Wannan sai mai kuɗi, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba, abin ɗauka kawai shi ne ba a tsayar da labari a ce kalli mota, ita ce ke fitar da jarumin daga masifa.

Wanda ni ya ishe ni shi ne tallan nan da kowa ke yi, titi fayau a gefen dutse, ba kowa, mota na shan kwana, murya mai kauri na faɗin kalmomi manya manya. Cire tambarin ka sa na wani kamfani wallahi ba wanda zai gane. Gwajin da nake yi wa aikina kenan, in tambarin wani zai zauna daidai a ƙarshensa to ban gama ba.

Sai sauti, kar ku raina shi. Ƙarar rufe ƙofar mota mai tsada daban take, wani dum ne mai nauyi, ku ɗauke shi da makirfo kusa kusa, kuma ku bar shiru ya yi aiki, ba dole kiɗa daga farko har ƙarshe ba.

Aikin gida, ku zaɓi mota ɗaya ko ta maƙwabci ce, ku fitar da sifa ɗaya, ku rubuta labarin daƙiƙa 30 wanda motar ba za ta fito ba sai a daƙiƙa biyar na ƙarshe. A takarda tukuna, kar wanda ya taɓa kamara. Darasi na gaba za mu ɗauki biyu ko uku mu yanka su hoto hoto.