Kai Ya Bar Gangar Jiki, Ya Tsiro Da Sabuwa

Wannan bidiyon da ya cika wayoyi daga Birnin Kebbi har Yauri, ba haɗin kwamfuta ba ne, ba siddabaru ba ne. A cikin bidiyon, kai shi kaɗai yana rarrafe, gangar jiki ga ta can a yashe. Dodon koɗin teku ne marar ɓawo. Sayaka Mitoh ta Jami'ar Mata ta Nara a Japan ce ta bayyana wannan abin mamaki a 2021. Cikin kamar mako uku kan ya tsiro da sabon jiki, har da zuciya.

To ga inda ake ta ruɗewa. Wai irin waɗannan halittu suna da ƙwayoyin gadon da mu ba mu da ko ɗaya. Ku dakata.

Mu bar dodon koɗin, mu koma ga wata 'yar tsutsar teku mai zane uku, Hofstenia. A 2019, masana a ɗakin binciken Mansi Srivastava da ke Harvard suka datse ta, suka zuba ido kan abin da ke faruwa cikin DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. DNA a nannaɗe take, yawancinta a rufe, kamar kasuwar da rumfunanta ke kulle da kaya a ciki. Ana datsewa sai wata ƙwayar gado mai suna EGR ta farka, ta bi tana buɗe rumfuna. Wurare kusan 18,000 suka sauya. Da suka kashe EGR kuwa, tsutsar ta zauna da dungulminta, babu abin da ya tsiro.

Abin da ya fi ɗaure min kai, mu ma muna da EGR! Tana ma farkawa idan aka ji wa ƙwayoyin jikinmu rauni. Sai dai masana na zaton a jikinmu ba ta kai ga waɗancan rumfunan, shi ya sa muke ƙarewa da tabo.

Masuntan Argungu, kada wani ya raba giwan ruwa biyu yana jiran riba, don Allah.

Saura tambaya guda: yaya guntu ke sanin kai zai fitar ko wutsiya? Wani saƙo ne tsakanin ƙwayoyin halitta, Wnt. Inda ya yi yawa, wutsiya. A 2008 aka toshe shi a jikin tsutsar ruwan daɗi, planariya. Da aka datse ta, sai ga ta kai gaba, kai baya, kowanne na jan nasa ɓangaren.