Gidan naka ne, amma taga sai da izini

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Bashir, ka dawo daga Ingila da hoton wani gidan ƙauye, ka ce wai da can mashaya ce. Da me ka gane?

Bashir: Ai ba ta ɓuya, Hajiya. Ƙarfen da ake rataya allon suna yana nan a bango, allon ne kawai babu. A ƙasa kuma, dab da bango, ga wani ƙyaure mai marfi biyu. Ta nan ake gangara gangunan giya zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yanzu tarkace mai gidan yake zubawa a ciki.

Usman: To ya toshe mana, ya huta.

Bashir: Ina! Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, a matakin Grade II, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na irinsu suke. Ko taga ba ka sauyawa sai ƙaramar hukuma ta yarda. Har ciki dokar ta shiga: murhun dumama ɗaki, matakala, katakon rufi. In ka yi gaban kanka, sai kotu.

Usman: Da kuɗina na saya fa?

Hadiza: Kai dai Usman! Amma Malam, wannan ai bai yi kama da wurin kasuwanci ba.

Bashir: Don da yawansu gidajen zama ne tun asali. A 1830 aka yi dokar da ta ba magidanci damar sayar da giya a gidansa in ya biya fam biyu da sule biyu. Falo ya koma wurin baƙi, iyali suka hau sama. Shi ya sa ɗakunan suke ƙanana, rufi a kusa, dogo irin Usman sai ya sunkuya.

Usman: Gyara fa?

Bashir: Nan ne ake jin jiki. Da kwaɓin farar ƙasa aka ɗora bulon. Ka shafa masa siminti, danshi ya rasa mafita, bango ya fara ruɓewa, kamar dai yadda siminti yake ɓamɓarewa a jikin ginin laka a Kano.

Usman: In mutum ya rushe dare ɗaya?

Bashir: An gwada a Landan. A 2015 aka rusa wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern ba izini, ana dab da sa ta a rajista. Ƙaramar hukumar yankin, Westminster, ta ce a mayar da ita yadda take, bulo bayan bulo. A 2021 aka sake buɗe ta.

Usman: Shi ke nan, na fasa saye.