Daga Ogbele Zuwa Kolmani

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Jos.

Duk wanda ya taɓa bi ta Bukuru ko Barikin Ladi ya ga manyan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Kamfanonin Turawa sun kwashi rabonsu, da kasuwa ta faɗi suka tattara nasu ya nasu, mu kuma muka gaji ramuka. Don haka idan ana batun wa ke riƙe da arzikin ƙarƙashin ƙasa, mu a Filato gani muka yi, ba ji ba. Shi ya sa tarihin wani ƙaramin kamfanin haƙar mai a jihar Ribas ya tsaya mini a rai.

Tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956, an daɗe haƙarsa galibi aikin Shell da Mobil da Agip da ire-irensu ne. Ɗan ƙasa sai dai ya samu kwangila ko ya buɗe gidan mai. A 1992 wasu 'yan Najeriya da suka san harkar ciki da bai, ƙarƙashin jagorancin Cif Aret Adams, tsohon shugaban NNPC, suka yi karo-karo a wani asusu mai suna Midas Drilling Fund. Asusun ne ya zama kamfanin Niger Delta Exploration and Production, wanda a yau ake kira Aradel.

Ba su da filin kansu. Abin da suka nema shi ne Ogbele, wani fili da ke hannun Chevron da NNPC, inda aka san akwai mai amma aka bar shi kwance, domin a lissafin babban kamfani man da ke ciki bai kai a wahala a kansa ba. Sai a 2000 aka rattaba hannu. Gangar farko kuwa ba ta fito ba sai 2005. Ku ƙirga da ni: shekara 13 mutane suna zuba kuɗinsu a rami, ba su ga ko ɗigon mai ba. Wane attajiri ne a cikinmu zai jure wannan?

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tatsi ɗan filin nan. Suka kafa 'yar ƙaramar matata mai tace ganga 1,000 a rana don samar da dizal, wadda yanzu ta kai ganga 11,000. A 2012 suka buɗe tashar sarrafa iskar gas, suka koma sayar da iskar da a da ake cinna wa wuta tana ci dare da rana a kan al'umma. A Oktoban 2024 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas, a Maris na 2025 kuma yana cikin gamayyar Renaissance da ta saye kamfanin Shell na kan tudu.

Ba kowa ne ya kai labari ba. A 2003 gwamnati ta raba irin waɗannan ƙananan filaye 24 ga kamfanonin gida, da dama suka riƙe takarda shekara da shekaru ba su fitar da komai ba.

To mu dawo gida. A 2019 NNPC ya sanar da samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin. A 2023 aka fara haƙa a ƙaramar hukumar Obi ta Nasarawa, maƙwabciyarmu. Aka yi biki, aka watse, kowa ya zuba wa gwamnati ido. Masu kuɗinmu na nan suna ƙara tankokin dakon mai, suna jera gidaje a Maitama da Asokoro. Ban raina wannan ba, amma ina so in ga ranar da goma ko ashirin daga cikinsu za su zauna da masana duwatsun da Jami'ar Jos ke yayewa kowace shekara, su buɗe asusu ɗaya, su nufi NUPRC, hukumar da ke kula da haƙar mai, a Abuja neman lasisi, suna sane cewa wataƙila 'ya'yansu ne za su ga gangar farko.