Duna na jiran gida: abin da ya kamata ka sani kafin ka karɓi karen da aka tsinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Wannan baƙin karen da kuke gani kwance a gindin darbejiya, mai ɗan fari a ƙirji, sunansa Duna. Karen gida ne irin namu, mai tsayayyun kunnuwa da gajeren gashi. A cikin wani kwalbati aka tsince shi, can wajen Tumfure a nan Gombe, haƙarƙari duk a waje, ga guntuwar waya ɗaure a wuya ta ci fata har ta yi miki. Wani bawan Allah ne ya ɗauke shi ya kai asibitin dabbobi, aka yanke wayar, aka wanke ciwon, yanzu yana riƙe da shi kafin a samu wanda zai karɓe shi ya zama nasa.

Shekarunsa nawa? A baki ake dubawa. Kwikwiyo haƙora 28 gare shi, babban kare kuma 42, kuma kafin ya cika wata 7 na manyan sun gama fitowa. Na Duna sun cika, farare ne, ba su cinye ba, don haka likita ya ƙiyasta bai wuce shekara biyu ba. Matashi ne, da sauran rayuwa mai yawa a gabansa, domin karen da ya samu kulawa yakan kai shekara 10 zuwa 13. Duk mai sha'awarsa ya fara riƙe wannan lissafin.

Da aka kawo shi gidan nan, bayan tankin ruwa ya shige ya lafe. Ba ya cin abinci sai dare ya tsala, ba haushi, ba motsi. Maƙwabcin da ya leƙo cewa ya yi wannan ai ba kare ba ne, ko ɓarawo ya taka shi ba zai tanka ba. To, nan ne mutane da yawa suke yanke hukunci da wuri. Gaskiya ne hali zanen dutse ne, amma abin da kare yake nunawa a kwanakinsa na farko a baƙon wuri ba halinsa ba ne, tsoro ne. Masu kula da irin waɗannan karnuka suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: kwana uku na ruɗewa, mako uku na fahimtar tsarin gida, wata uku kafin ya saki jiki ya ɗauki gidan nasa. Ba doka ba ce, wani yakan fi sauri, wani kuma yakan ja lokaci fiye da haka. Amma dai karen da ka gani ranar farko ba shi za ka zauna da shi ba.

Ku dubi Duna yanzu. Da ya ji ƙarar babur ɗin mai gidan tun daga kwanar layi, yana bakin get. Yana son mata da 'yan mata, yakan bi uwargida har bakin madafi ya kwanta nesa kaɗan yana kallo. Idan baƙo ya ƙwanƙwasa zai yi haushi sau biyu ko uku, ya waiwayo ya dubi mutanen gida, in aka ce masa ya isa, ya yi shiru. Wannan kyakkyawan hali ne ƙwarai, kuma ba da duka aka koya masa shi ba.

Sai dai akwai abin da ya rage masa na rayuwar baya, kuma ba za mu ɓoye ba. Ku lura da abin da zai faru idan wani namiji ya ɗaga hannu sama, ba da nufin komai ba, hula kawai zai gyara. Sai Duna ya runtse ido, ya kwantar da kunnuwa, ya manne da ƙasa, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu. Haka yake yi in ya ga namiji da sanda, ko in an ɗauki tsintsiya da sauri. Karen da aka saba jifa da duka yakan yi haka. Abu na biyu, abinci. Wanda ya sha yunwa ba ya yarda a matso kusa da kaskonsa. In yana ci ka tunkaro, sai jikinsa ya sandare, ya sunkuyar da kai kan kaskon, ya fara gurnani ƙasa-ƙasa. Na uku kuwa, kaji. Awaki ba ruwansa da su, amma kaza in ta ruga, sai ya bi ta. Gidan da ake sakin kaji a tsakar gida bai dace da shi ba, magana ta gaskiya ke nan.

Bari in tsaya a kan gurnanin nan, domin a ganina nan ne ake yawan cutar kare, a kuma cuci yara. Kare ba ya fara da cizo. Yana da matakai da yake bi yana cewa a ƙyale shi. Zai kau da kai gefe. Zai riƙa lasar leɓe alhali ba abinci a wurin. Zai yi hamma ba don barci ba. Farin idonsa zai bayyana yana kallonka ta gefe. In duk ba a kula ba, jiki ya sandare, sai gurnani, sai nuna haƙora, sannan cizo. Abin da mutanenmu suka saba, da kare ya yi gurnani sai a zabga masa bulala wai ana koya masa ladabi. Abin da ya koya shi ne gurnani na jawo duka. Tsoron da ke cikinsa yana nan bai tafi ba, gargaɗin ne kawai aka kashe. Gobe yaro zai matso, babu gurnani, sai dai a ji ihu. In karenka ya yi gurnani, ja da baya, ka duba me ya tsorata shi, ka gyara wannan abin. Haka kuma kaɗa wutsiya ba kullum ne murna ba. In jiki a sake yake, ƙugu na rausaya tare da wutsiyar, wannan maraba ce. In wutsiyar na tsaye ƙyam tana rawa kaɗan-kaɗan, jiki a ɗaure, kada ka miƙa hannu.

To wane irin gida yake buƙata?

Gida mai katanga da get da ake rufewa. Karen da ya taɓa yawon titi ya san hanyar fita, kuma a makonnin farko in ya fita ba lalle ya dawo ba. Sannan inuwa da ruwa. Kun san yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumin tafin ƙafa. In ka kulle shi a kejin kwano da rana tsaka, ba iska, ba ruwa, zai iya mutuwa kafin la'asar. A sama masa rumfa ko gindin bishiya, ruwa mai tsabta kada ya yanke a kaskonsa. Da hunturu kuma a shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa, gajeren gashi ba ya tare sanyin asuba.

Sarƙa fa? Ku dubi tabon da ke wuyansa, ya isa amsa. Na san abin da ake faɗa a gari: wai in kana son kare ya yi zafi, ka ɗaure shi wuni guda a duhu, ka rage masa abinci, kada kowa ya yi masa wasa. Wannan ba ya samar da mai gadi. Yana samar da dabbar da ba ta bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci, ranar da sarƙar ta tsinke kuwa, wanda ya fi kusa shi ne zai sha. Gadi na gaske daga sabo yake fitowa. Karen da ya san mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya, ya san ƙamshinsu da takunsu, shi ne yake gane baƙon motsi da ƙarfe biyun dare.

A yi tunanin zirga-zirgar gida kuma. Gidajenmu ba a rufe suke ba: almajiri zai yi sallama, mai tallar awara za ta shigo, ɗan ga-ruwa zai turo kura har tsakar gida, yaran maƙwabta na shiga da fita. Kare mai tsoro irin Duna yana buƙatar wani ɓangare nasa da za a iya tura shi a rufe in baƙi sun yi yawa, ranar suna ko biki misali. Yara kuma a zaunar da su a gaya musu: ba a taɓa shi in yana ci ko yana barci, ba a jan wutsiya, ba a hawa bayansa, ba a jifa ko da wasa. Yaron da bai kai hankalin kiyaye wannan ba, ba a barinsa shi kaɗai da kare, kowane kare ne.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo ko shinkafa da aka haɗa da ɗan kifi, ƙwai, ko tarkacen nama daga kwata a dafa, sau biyu a rana a kan lokaci, ya wadatar. Ƙanzo zalla dai ba ya riƙe kare. A kiyaye masa albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare, don haka ragowar miyar da ta sha albasa ba tasa ba ce. Haka cakulan, inabi da goro. Dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya yi tsini, ya soki maƙogwaro ko hanji.

Akwai tambayar da na san tana ran da yawa daga cikinku, ta addini. Hadisi ya yi sauƙi ga riƙe kare don farauta, kiwo ko tsaron gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan haka idan akwai buƙata. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, marubucinta, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. A mazhabar Malikiyya da muka fi bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai saboda umarnin hadisi. Kowa kuma ya san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Duna bai saba shiga ɗaki ba, tsakar gida ta ishe shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa tun kafin ya ɗauka, kada a kai kare gida bayan wata guda a kore shi.

Saura maganar lafiya, wadda ba ta kare kaɗai ba ce, ta iyalinka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk ta hanyar kare ake kamuwa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tsira. Amma allura tana hana shi. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a nan kusa da mu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa irin wannan allurar. An yi wa Duna tasa, an ba shi maganin tsutsar ciki, an yi masa wankan kaska da ƙuma, katinsa na nan za a miƙa wa wanda ya karɓe shi. Ranar da aka rubuta a katin, kada a bari ta wuce.

Wannan kuma ya shafi masu tausayi da za su ga wani kare a titi su so taimaka masa. Kada ka kai hannu kan karen da ba ka sani ba, musamman in yana dalalar miyau, yana tangaɗi, ko yana cizon duk abin da ya tarar. Kira ma'aikatan dabbobi. In kuwa tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura. Ba a jira a ga abin da zai faru, ba a tsaya shafa gashin karen ko wani magani a kan ciwon. Karen da ya yi cizon, in an san shi, a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana lura da shi.

Wanda ya ji duk wannan ya ga gidansa ya dace, ga yadda za a yi. Ka zo ka ga Duna kai kaɗai tukuna. Ka tsuguna gefe, kada ka zuba masa ido, kada ka miƙa hannu ta saman kansa, ka bari shi ya zo ya shinshina ka. Zuwa na biyu ka taho da uwargida da manyan yara. Ranar tafiya da shi, za a haɗa ka da kaskonsa da buhun da yake kwana a kai, ka ajiye su a lungun da ka tanada, ka hana 'yan kallo taruwa a kansa. In ya shige bayan wani abu ya ƙi fitowa, ka ajiye ruwa da abinci ka ba shi wuri. In kuma an zauna an ga zaman ba zai yiwu ba, don Allah kada a kai shi bayan gari a yar. A dawo da shi inda aka ɗauko shi, za a karɓa ba tare da an tuhumi kowa ba.