Malami ɗaya ga ɗalibai 40, amma aji ya cika da 80: ina sauran malaman?

[Hoto: ƙofar wani lise da sassafe, ƴan lakwal na shiga, wasu a ƙasa, wasu bisa keke]

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da aka koma lakwal a watan Oktoba wani tebur ke yawo a wayoyinmu. Layi uku ne: wani lise na gwamnati, jihar Maradi, sai ƙasa baki ɗaya, kowane layi da adadin ɗaliban da ke kan malami ɗaya. A fada kuwa har an fara ɗaga murya. Wani uba ya rantse ƙarya ce, shi ɗansa su tamanin ne a aji. Maƙwabcinsa ya ce ai makarantar ta fi mwayan ɗin jiha, wato matsakaicin lissafin jihar, a rage kuka. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Abin da kowa ke ƙirgawa ne daban.

Asalin irin waɗannan alƙaluma ba ɓoyayye ba ne. Kowace shekara shugabannin makarantu na cike takardun ƙidaya, a haɗa na jiha, a aika Yamai, ma'aikatar ilimi ta fitar da kundin shekara. Shi ke nan. Mu wuce wurin da ake tuntuɓe.

[Hoto: aji na firamare, mushe ɗaya a gaban allo]

A firamare, daga CI har CM2, wato ajin farko har na ƙarshe, mushe ɗaya ke riƙe da aji ɗaya tun safe har a tashi. Shi ne na lissafi, shi ne na Faransanci, shi ne mai raba faɗa. Don haka in an ce malami ɗaya ga yara 40, kusan yara 40 ɗin za ka tarar in ka leƙa ta taga. Da wannan idon muka saba kallon lissafin, kuma da shi muke zuwa lise.

To a lise ba haka abin yake ba. Ɗalibi na zaune, malamai ne ke shiga suna fita.

[Zane a allo: lambobi na fitowa ɗaya bayan ɗaya]

Bari mu ƙirƙiro makaranta don misali, ba ta kowa ba ce. Ɗalibai 1,200, sunayen ma'aikata 30 a takarda. Raba ka gani: 40. Lamba mai kyau, ta sa hula. Amma azuzuwa 15 ne kawai. Raba 1,200 gida 15. Tamanin.

Ina malaman suka shiga? Ba su gudu ba. Mu ce kowane aji na da darasi na awa 30 a mako. Azuzuwa 15 ke nan suna buƙatar awa 450. In kowane malami na ɗaukar awa 18, malamai 25 ake bukata kafin a cike jadawalin. Ka ji fa: malamai 25 don azuzuwa 15. A duk lokacin da ka shiga makarantar, 15 ne ke tsaye gaban allo, sauran goman suna gyaran takardun gwaji, ko suna jiran awarsu, ko yau ba ranarsu ba ce. Ragowar mutum biyar ɗin kuwa su ne provizer, wato shugaban lise, da sanser mataimakinsa, da masu sa ido kan ɗalibai, waɗanda sunansu na iya shiga lissafi alhali alli bai cika taɓa hannunsu ba.

A sake maimaitawa, don nan ne gaɓar. Lambar farko, wato 40, tana faɗa maka yawan ma'aikatan da aka turo. Ta biyu, wato 80, tana faɗa maka mutum nawa ɗanka ke gogayya da su kafin ya ga allo. A lise ta biyun kan fi ta farko nesa ba kusa ba, ko da makarantar ba ta rasa malami ko ɗaya ba. Wanda ya ɗauki 40 ɗin makaranta ya gwada da girman aji na jiha, ya auna gero da tiya ne ya auna dawa da buhu.

[Hoto: ɗalibai huɗu matse kan tabur-ban ɗaya]

Ko tamanin ɗin ma mwayan ce. Duk wanda ya yi lise a ƙasar nan ya san ajin seri C, ɓangaren lissafi da fizik, inda ɗalibai ke zaune wasai kamar masu jiran jirgi, ya kuma san na A da D, ɓangaren adabi da na kimiyyar halittu, inda in alƙalaminka ya faɗi sai an tashi za ka ɗauka. Haɗa su ka raba, sai ka samu lambar da ba ta yi kama da kowannensu ba. Haka kuma malamai talatin ba su hana a rasa na fizik. Tebur bai san wannan ba, shi kai yake ƙirgawa. Bai kuma bambanta ɗan kwantiragi da wanda aka ɗauka dindindin, sai in an buɗe masa layi na musamman.

Layin jiha fa? Da sauri. A ƙidayar 2012 jihar Maradi na da mutum miliyan 3.4, ita ce ta biyu bayan Damagaram. Cikin mwayan ɗinta akwai birni, akwai Tasawa da Madarunfa, akwai kuma Dakoro da Bermo, inda gari da gari ke da nisa. Na ƙasa kuwa ya cuɗa jihohi takwas, daga Yamai har Agadas da Diffa. Sai ka duba ƙasan tebur ko an sa makarantu masu zaman kansu a ciki, don suna iya jan lambar. In kuma makarantar CES ce, wato kwaleji da lise a haɗe, malami ɗaya na iya koyar da masu shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, da safe, masu shirin BAC, ta ƙarshen lise, da rana. A wane ɓangare aka ƙirga shi?

Ni a ganina, fin mwayan ɗin jiha ba abin yanka rago ba ne. In jihar ce gaba ɗaya a matse, wanda ya ɗan fi ta ma a matse yake.

[Hoto: rumfar zana, iska na kaɗa ta. A rage kiɗa]

Akwai kuma abin da kalmar "aji" ke ɓoyewa. A kan takarda ɗakin siminti aji ne, rumfar zana ma aji ce. Mu a Maradi mun san bambancin da hawaye. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare a cikin garin nan, yara fiye da ashirin suka rasu. Allah ya jiƙan su. Saboda haka in an ce maka azuzuwa 15, tambayi nawa ne na gini.

[Hoto: kusurwar allo, hannun ɗalibi na rubutu da alli]

Iyaye, ba sai kun jira kundin Yamai ba. A taron COGES, wato kwamitin kula da makaranta, ku nemi a nuna muku jadawalin darussa, ku ga awowin da ba malami. Sannan yau da dare, bayan tuwo, ku tambayi yaro ko yarinya lambar da ake rubutawa a kusurwar allo kowace safiya: su nawa ne a aji, nawa suka zo, nawa ba su zo ba.