Amsoshin Tambayoyinku: Antifa, jarumai ko 'yan ta'adda?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuwa ba ya jira.

Wani daga Damagaram ya ce a ina aƙidar Fashist, wato ta mulkin kama-karya da tsananin kishin ƙasa, ta samo asali? A Italiya ne, hannun Benito Mussolini, wanda ya karɓi mulki a watan Oktoban 1922. Malam, gaisuwarka ta cinye shafi biyu, tambayar layi ɗaya. A riƙa tausaya mana!

Hajiya daga Kumasi kuma ta ce wane ne shugaban Antifa, wato masu kiran kansu 'yan adawa da Fashist? Hajiya, babu. Ƙananan gungu ne warwatse. Ko shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, na lokacin, Christopher Wray, a 2020 cewa ya yi aƙida ce, ba ƙungiya ba.

To ga wadda ta zo mana daga Kano da Maraɗi da Garwa: me ya sa Shugaba Trump ya ayyana Antifa a matsayin 'yan ta'adda a Satumban 2025, alhali a Turai adawa da Fashist abin alfahari ne? Farfesa, bismillah.

"Wato ai abin tarihi ne. Mutane sun manta Mussolini ya mamaye Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya kai kuka Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani a 1936, aka yi masa kunnen uwar shegu. Sojojin Najeriya ma sun yaƙi Italiyawa a gabashin Afirka a 1941, kafin a kwashe su zuwa Bama. Kakannin wasu masu sauraronmu..."

Farfesa, Allah ya gafarta Malam, Amurka aka tambaya.

"Ina zuwa. Jamus ta ga Hitler da idonta. Shi ya sa ɗaga tutar Nazi ko yin gaisuwarsu laifi ne a can, har ɗauri ana yi. Tsarin mulkin Italiya na 1948 ya hana sake kafa jam'iyyar Fashist, kuma duk 25 ga Afrilu hutu ne na tunawa da 'yantar da ƙasar. Amurka kuwa tsarin mulkinta ya kare faɗin albarkacin baki, ko ɗan Nazi yana iya yin maci. Masu ra'ayin riƙau a can abin da suke gani in an ce Antifa matasa ne da baƙaƙen kaya, fuska a rufe, suna fasa gilasai."

Bari in maimaita don a gane. Jamus doka ta sa ta hana, Amurka ta bari a yi magana. Amma kada ku ɗauka Jamus ta sakar wa 'yan Antifa mara. Hukumar tsaron cikin gidanta tana sa ido kan masu tada tarzoma na ɓangaren hagu na siyasa kamar yadda take yi wa na dama. Hangari ma ta bi sahun Trump.

Ni dai a nawa ganin, ba duk mai cewa yana yaƙar Fashist za a tafa wa ba. Jamus ta Gabas da ta gina katangar Balin a 1961 cewa ta yi garkuwa ce daga 'yan Fashist, alhali mutanenta take hanawa gudu. Putin ma da ya shiga Yukiren a 2022 cewa ya yi 'yan Nazi zai kakkaɓe. A duba aikin mutum: yana dukan abokin hamayya, yana ƙona dukiya, ko kuwa?

Mai haɗa sauti yana ta nuna mini agogo. Ɗan'uwanmu na Yamai da ya tambayi batun jam'iyyar AfD ta Jamus, yi haƙuri, da taka za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.